Yadda ƙaramar ƙungiya za ta sa baki a manufofin duniya kan cututtuka marasa yaɗuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini daga shugabannin ƙungiyoyin masu ciwon sukari, da na masu hawan jini, da iyayen da ke jinyar 'ya'yansu masu larurar ƙwaƙwalwa: yaya za a yi a gayyace mu taron Hukumar Lafiya ta Duniya a Geneva ko na Majalisar Ɗinkin Duniya a New York? Amsar da nake ba su ba ta cika yi musu daɗi ba. Tafiyar ita ce abu na ƙarshe, kuma sau da yawa ita ce mafi ƙarancin amfani. Kafin a buɗe zauren taro an riga an rubuta kusan duk abin da za a zartar, kuma gwamnatoci ne kaɗai ke da ƙuri'a. Aikin ƙungiya shi ne ta sa jimlarta a bakin wakilin ƙasarta tun rubutun yana ɗanye. Ga yadda ake bi, daki-daki.

1. Ku tsayar da buƙata guda

Ku zauna da mambobinku ku fitar da abu ɗaya da kuke so a rubuta. "A kula da masu ciwon sukari" fata ne, ba wanda zai yi musu da shi, ba kuma wanda zai aiwatar. "A sa insulin da na'urar gwajin sukari cikin abin da inshorar lafiya ke biya" buƙata ce, domin ana iya cewa an yi ko ba a yi ba. Haka "a daina hukunta wanda ya yi yunƙurin kashe kansa", ko "a samar da magungunan taɓin hankali a ƙananan asibitoci", ko "a ƙara harajin taba".

Daga nan ku nemi inda buƙatar taku ta jingina da alkawarin da ƙasashe suka riga suka ɗauka. Manufa ta 3.4 cikin Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a rage mutuwar wuri daga cututtuka marasa yaɗuwa da kashi ɗaya bisa uku kafin 2030, a kuma inganta lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai shirin aiki na Hukumar Lafiya ta Duniya kan lafiyar ƙwaƙwalwa da ya fara a 2013 aka tsawaita shi zuwa 2030, da takwaransa na cututtuka marasa yaɗuwa, wanda ke ɗauke da jerin matakai masu arha da amfani mai yawa da aka sabunta a 2023. In buƙatarku tana cikin ɗayan waɗannan, kun samu madogara.

Gargaɗi: kada ku tafi da buƙatu goma don gudun ɓata wa wani mamba rai. Jami'in da za ku gani zai zaɓi mafi sauƙi a ciki ya yi muku alkawarinta, ya bar mai nauyin.

2. Ku rubuta kalandar shekara ku liƙa a bango

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a wannan harka yawancin ƙungiyoyi a nan suke faɗuwa. Kwamitin Zartarwa na Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mambobi 34, yana babban zamansa a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu. A nan ake tsara ajandar Babban Taron Lafiya na Duniya da ake yi a Geneva cikin watan Mayu, a nan kuma daftarin ƙudurori ke fara bayyana. Wanda ya farka a Mayu ya makara da kusan wata huɗu. Kwamitocin shiyyoyi shida na hukumar suna zama tsakanin Agusta da Oktoba, kuma sun fi sauƙin kaiwa ga ƙaramar ƙungiya, domin ministocin da ke wurin na yankinku ne.

Na New York daban yake. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taron shugabanni kan cututtuka marasa yaɗuwa sau huɗu: 2011, 2014, 2018 da 2025. A na 2018 ne aka shigar da lafiyar ƙwaƙwalwa da gurɓatar iska cikin lissafi. Ku dubi yadda na 2025 ya gudana, domin haka irinsa zai sake gudana. An naɗa jakadun ƙasashe biyu, Luxembourg da Saint Vincent da Grenadines, su jagoranci rubutun sanarwar da taron zai zartar. An saurari ƙungiyoyi a farkon Mayu, daftarin farko ya fito a cikin watan, aka yi ta cacar baki a kansa tsawon watanni, shugabanni kuma ba su hallara ba sai 25 ga Satumba. Duk wanda ya tara ƙarfinsa don Satumba ya iske an naɗe tabarma.

Akwai wata ƙofa da ake mantawa da ita. Duk shekara biyu Hukumar Lafiya ta Duniya tana sabunta jerin muhimman magunguna, kuma tana wallafa buƙatun da aka shigar don jama'a su yi sharhi. Ƙasashe da yawa da wannan jeri suke tsara nasu. In matsalarku magani ce, ku sa wannan a kalandar.

3. Ku tara hujja iri biyu

Ta farko alƙaluma ne, kuma ku ɗauko su daga inda gwamnati ba za ta iya ƙaryata su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtuka marasa yaɗuwa sun kashe aƙalla mutum miliyan 43 a 2021, miliyan 18 daga cikinsu ba su kai shekara 70 ba, kuma kashi 82 cikin ɗari na waɗannan masu mutuwar wuri a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. Fiye da mutum biliyan ɗaya ke fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, amma a matsakaici kashi 2 cikin ɗari na kasafin lafiya gwamnatoci ke ware wa fannin. Waɗannan na duniya ne, layi ɗaya ya ishe su. Abin da zai taɓa jami'in ƙasarku shi ne shafin ƙasarku a rahotannin hukumar, kamar Mental Health Atlas, da sakamakon binciken STEPS kan abubuwan da ke jawo cututtuka marasa yaɗuwa, in ƙasarku ta gudanar da shi. Ma'aikatar lafiya da kanta ta ba da waɗannan bayanai.

Ta biyu shaidar masu ciwon ce. Ku yi ƙaramin bincike tsakanin mambobinku: wata nawa cikin shekara suka rasa magani, nawa ne cikinsu suka rage adadin da likita ya rubuta don ya kai su ƙarshen wata, tafiyar awa nawa ce zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ku faɗi gaskiyar yawan mutanen da kuka tambaya. In mutum tamanin ne, ku ce tamanin.

Gargaɗi, kuma wannan yana ci mini rai: kada ku ɗauki labarin mutum ko hotonsa ba tare da ya fahimci inda zai kai ba. Wanda ya yarda ya ba da labarin kwanciyarsa a asibitin ƙwaƙwalwa yau, gobe mai neman ɗaukarsa aiki ko dangin wadda zai aura suna iya gani a intanet. Ku karanta masa abin da kuka rubuta, ku ba shi damar sakaya sunansa, ku kuma ba shi damar janyewa ko da an gama bugawa. Mafi alheri shi ne ya kasance cikin masu tsara buƙatar tun farko. Hukumar da kanta ta fitar da tsari a 2023 kan shigar da masu fama da waɗannan cututtuka cikin yanke shawara, kuna iya kafa hujja da shi in aka ce muku zama na ƙwararru ne kaɗai.

4. Ku rubuta takarda mai shafi biyu

Buƙatar a layin farko. Sai alƙaluma uku, sai shaida ɗaya, sai alkawarin da ƙasarku ta riga ta sa wa hannu, sai ainihin jimlar da kuke so ta shiga daftari, a cikin harshen da ake tattaunawar da shi. Sunan mutum ɗaya da lambarsa a ƙasa. Shi ke nan.

Na taɓa tsayawa a farfajiyar wani zauren taro tare da wata baiwar Allah da ke allurar insulin tun tana yarinya. Ta kwana biyu tana jiran wakilin ƙasarta da rahoto mai shafi arba'in a hannu. Da ya fito, ya karɓa da girmamawa, ya juya shafi biyu, ya ce mata: "Hajiya, wace sakin layi kike so a gyara?" Ba ta da amsa a shirye. Ya duba agogo, ya sa rahoton a jaka ya koma ciki. Duk abin da ke cikin rahoton gaskiya ne, ita kuma ta fi kowa a wurin sanin ciwon. Abin da ya rasa shi ne layi ɗaya da zai iya karantawa idan an ba ƙasarsa dama.

5. Ku ƙwanƙwasa ƙofar gwamnatinku

Nan ne aikin yake, don haka ku ba shi mafi yawan lokacinku. Mutum uku kuke nema. Na farko jami'in da ke riƙe da sashen cututtuka marasa yaɗuwa ko na lafiyar ƙwaƙwalwa a ma'aikatar lafiya, domin shi ke rubuta bayanan da minista zai tafi da su. Na biyu jami'in hulɗa da ƙasashen waje na ma'aikatar, wanda ke haɗa tawaga. Na uku jami'in da ke kula da harkar lafiya a ofishin jakadancin ƙasarku na Geneva ko New York. Shi ne ke zama a ɗakin tattaunawa, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke bin batutuwa ashirin a lokaci guda. In kuka kawo masa jimla a shirye da hujjarta, kun rage masa aiki, kuma zai tuna da ku.

Ku fara da wasiƙa a hukumance zuwa ga babban sakatare ko minista, ku sa a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Bayan mako guda ku bi sawu da kanku. Idan kun samu zama, ku tafi mutum biyu ko uku, ɗaya daga ciki mai fama da ciwon, ku kuma bar shi ya yi magana da bakinsa. Ku yi tambayoyi uku kafin ku tashi: wa zai jagoranci tawaga, yaushe za a rufe matsayar ƙasa, kuma da wane rukunin ƙasashe ake tattaunawa. Ta ukun tana da muhimmanci, saboda ƙasashe da yawa ba sa magana su kaɗai. Suna shiga ƙarƙashin rukunin Afirka, ko Tarayyar Turai, ko rukunin ƙasashe masu tasowa na G77 da China, kuma matsayar rukuni takan daskare tun kafin a shiga babban ɗaki.

Ku roƙi a sa wakilin farar hula cikin tawagar ƙasa. Wasu ƙasashe suna yi. A 2024 Babban Taron Lafiya ya zartar da ƙuduri kan shigar da jama'a cikin tsara manufofin lafiya, wannan ma madogara ce.

Gargaɗi: ma'aikatar lafiya ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba. In buƙatarku ta shafi haraji, ma'aikatar kuɗi da ta ciniki suna da baki, kuma kamfanoni sun riga ku zuwa can. Wani gargaɗin: abin da jami'i ya gaya muku a asirce game da tattaunawa, kada ya bayyana a Facebook da yamma. Sau ɗaya za ku yi haka ƙofar ta rufe.

6. Ku shiga ƙawance

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. NCD Alliance, gamayyar ƙungiyoyin yaƙi da cututtuka marasa yaɗuwa da aka kafa a 2009, tana da ƙawance na ƙasa da na shiyya a wurare da dama, kuma takan raba wa mambobi sharhi kan kowane daftari. A ɓangaren ƙwaƙwalwa akwai United for Global Mental Health da dandalin da take ɗaukar nauyi, Global Mental Health Action Network. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamitin ƙungiyoyin farar hula a 2023 da ake neman shiga ta intanet. Amfanin waɗannan shi ne labari da wuri: yaushe daftari ya fito, wace ƙasa ce ke neman a goge wane layi.

Sai dai ku shiga da buƙatarku a hannu. Manyan ƙungiyoyi suna da nasu abin da suka sa gaba, kuma abu ne mai sauƙi ƙaramar ƙungiya ta koma mai sa hannu a wasiƙun wasu kawai.

7. Takardun izinin shiga

Hanyoyi huɗu ne, kuma ba dole ku bi dukkansu ba.

Matsayin mai ba da shawara a Majalisar Tattalin Arziki da Zamantakewa, wato ECOSOC, shi ke ba da katin shiga tarukan Majalisar Ɗinkin Duniya. Sharaɗi shi ne ƙungiya ta cika shekara biyu da rajista, tana da kundin tsarin mulki da shugabanci na zaɓe, da bayanan kuɗi a fili. Ana cikewa ta intanet da Turanci ko Faransanci, ana rufewa 1 ga Yuni, sai shekara mai zuwa kwamiti mai ƙasashe 19 ya duba. Ba a biyan ko sisi, duk wanda ya nemi kuɗi don ya samo muku ɗan damfara ne. Kwamitin yana iya aiko da tambaya, kuma tambaya ɗaya kan iya ɗage maganarku zuwa wani zaman, don haka ku riƙa duba imel ɗin da kuka yi rajista da shi. In an ba ku, akwai rahoton da ake miƙawa duk shekara huɗu ga masu babban matsayi da na musamman cikin rukunan wannan izini, rashin miƙa shi na jawo dakatarwa.

Hulɗa a hukumance da Hukumar Lafiya ta Duniya ita ke ba da damar yin jawabi a taron Mayu, amma ta ƙungiyoyin da aikinsu ko mambobinsu suka ratsa ƙasashe ce, bisa FENSA, ƙa'idar hukumar ta 2016 kan hulɗa da waɗanda ba gwamnati ba. Ƙungiyar ƙasa ɗaya kada ta ɓata lokaci a nan. Ku nemi wata babbar ƙungiya mai wannan matsayi ta sa wakilinku cikin tawagarta.

Manyan taruka irin na 2025 sukan buɗe izini na musamman ga ƙungiyoyin da ba su da ECOSOC. Wa'adinsa gajere ne, kuma ana nuna wa ƙasashe jerin sunayen kafin a amince.

Ta huɗun ba ta buƙatar kowane matsayi. Idan za a yi bitar haƙƙin ɗan'adam na ƙasarku a Geneva, kowace ƙungiya tana iya aika rahoto: kalma 2,815 in ita kaɗai ce, 5,630 in haɗin gwiwa ne. Ga masu fafutukar hana ɗaure masu taɓin hankali da mari ko tsare su ba bisa ƙa'ida ba, wannan hanya da ta kwamitin yarjejeniyar haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 2006 sun fi taron lafiya kaifi.

8. Ku bi daftari layi-layi

Da zarar daftarin farko ya fito, kwanaki kaɗan gare ku. Ku zana jadawali mai gida uku: abin da aka rubuta, abin da kuke so a rubuta, da dalili a layi ɗaya. Ku aika wa jami'an nan uku, ku sake aikawa bayan kowane sabon daftari.

Ku sa ido kan aikatau. "Mun ɗauki alkawari" daban, "za mu duba yiwuwar" daban. Ku lura da wutsiyoyi irin su "gwargwadon yanayin kowace ƙasa", da su ake zare wa jimla laka. Ku fifita jimlar da aka taɓa amincewa da ita a wani ƙuduri na baya, ku kuma faɗi lambarsa, domin jakadu sun fi sakin jiki da lafazin da ƙasarsu ta riga ta karɓa.

A 2025 daftarin farko na sanarwar taron New York ya zo da ƙaƙƙarfan buri kan harajin taba da barasa da lemukan zaƙi, amma kafin a kai ƙarshe an sassauta shi ƙwarai. Abin da ya tsira ya haɗa da buri uku masu adadi zuwa 2030: a rage masu amfani da taba da miliyan 150, a ƙara miliyan 150 cikin waɗanda aka shawo kan hawan jininsu, a kuma ƙara miliyan 150 cikin masu samun kulawar ƙwaƙwalwa. A ranar taron, Amurka ta ƙi amincewa, sai a Disamba aka zartar da sanarwar ta hanyar ƙuri'a. Saboda haka ku shirya matsaya ta biyu tun farko: in ba a karɓi jimlarku ba, wane lafazi za ku iya haƙura da shi, wane layi ne kuma ba za ku yarda a goge ba.

9. Kuɗi, da wanda za ku karɓa daga hannunsa

Matakai shida na farko kusan ba sa cin komai sai kuɗin data, buga takardu, sufuri da lokacin mutum ɗaya da zai riƙe aikin. Ku sa fassara cikin lissafi, domin mambobinku suna da haƙƙin sanin abin da ake faɗa da sunansu. Tafiya ce mai tsada. Bizar shiga Suwizalan yuro 90 ce ban da kuɗin cibiyar karɓar takardu da inshorar tafiya, kuma ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Masauki a Geneva cikin Mayu da New York cikin Satumba yakan yi tashin gwauron zabo. In mai ciwon ne zai tafi, ku tanadi wasiƙar likita, da maganin da ya zarce kwanakin tafiyar a jakar hannu, da abokin tafiya in yana buƙata.

Gargaɗi: kada ku taɓa kuɗin kamfanin taba ko gidauniyar da yake ɗaukar nauyi. Sashe na 5.3 na yarjejeniyar yaƙi da taba ta 2003 ya wajabta kare manufofin lafiya daga wannan masana'anta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta hulɗa da ita sam. Ni a ganina barasa da lemukan zaƙi ma haka ya kamata ku ɗauke su. Kamfanonin magani sun fi wuyar sha'ani, domin su ne suka fi saurin buɗe wa ƙungiyoyin marasa lafiya jaka. Ku rubuta ƙa'idarku kafin tayin ya zo, ku bayyana duk wanda ya ba ku, kuma kada wanda ke sayar da magani ya biya kuɗin takardar da ke magana kan farashinsa.

10. In kun samu zuwa

Jawabin ƙungiya a zaure ba ya wuce minti ɗaya ko biyu, kuma yakan zo bayan ƙasashe sun gama, lokacin da kujeru suka fara zama wayam. Ku rubuta shi, ku gwada da agogo, ku miƙa kwafi ga masu fassara. Amma ribar tafiyar tana wajen zaure: ganawa da tawagarku da safe, da ƙananan taruka na gefe, da jami'in wata ƙasa da ke goyon bayan jimlarku. Ku tsara waɗannan ganawa tun kuna gida. Kowace yamma ku aika wa mambobi taƙaitaccen bayani.

11. Ku dawo da alkawarin gida

Sanarwar siyasa da ƙudurin Babban Taron Lafiya ba doka ba ne, ba kotun da za ta tilasta su. Cikin mako biyu da dawowa ku fassara sakin layin da ya shafe ku, ku haɗa da abin da wakilin ƙasarku ya faɗa a zaure, tunda ana yaɗa zaman kai tsaye kuma ana adana shi. Ku kai wa jami'in ma'aikata da wasiƙar godiya da tambaya ɗaya: a wane layi na kasafin kuɗi wannan zai fito? Ku kai kwafi ga kwamitin lafiya na majalisar dokoki kafin a fara sauraron kasafi. Ranar hawan jini ta 17 ga Mayu, da ta lafiyar ƙwaƙwalwa ta 10 ga Oktoba, da ta ciwon sukari ta 14 ga Nuwamba, lokuta ne da 'yan jarida ke neman wanda za su yi hira da shi, sai ku fito da takardar ku ce ga abin da aka sa wa hannu, ga abin da mambobinmu suka tarar a asibiti a wannan watan. Daga nan ku maimaita binciken nan na mataki na uku da tambayoyi iri ɗaya, ku ajiye sakamakon don zaman Janairu mai zuwa.